Ƙusoshi a Cikin Toka

San Luis, 4 ga Oktoba

Baba,

A sa mini albarka. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Gwaggo Hortensia da mutanen gidanta. Yaya idon, an cire bandejin? Na san Gwaggo ce za ta karanta maka, don haka Gwaggo, ki fara gaya masa cewa duk muna raye, ba wanda ko ƙwarzane ya samu.

Guguwar ta shigo ranar Talata da hantsi, ba ta sake mu ba sai bayan la'asar. Ni da mijina Wilfredo a banɗaki muka yi zamanta, don nan ne kawai ke da rufin kankare. Rabin kwanon gidan ya tafi, bishiyar mangwaron ƙofar gida ta kwanta, kaji kuwa bakwai na ƙirga cikin ashirin. Wayoyin tarho duk suna ƙasa, gadar hanyar gari ta karye, shi ya sa na ba wani direban babbar mota takardar nan ya jefa mini ita a Havana.

Na san labarin shanunka kake jira tun ɗazu, ba namu ba. Azabache da Marinero lafiya ƙalau. Tun da sassafe na kai su bayan tudu, na kwance musu igiya don su iya juya wa iska baya. Da na koma da yamma na tarar da su a tsaye kafaɗa da kafaɗa, sun jiƙe sharkaf, Marinero har yana tuƙa abinsa. Sai da na gan su na yi kuka, duk tsawon yinin ban yi ba.

Abin da zai ɓata maka rai shi ne ɗakin shanyar taba. Ya faɗi gaba ɗaya, Baba. Wani kwanon a gonar maƙwabcinmu Nicasio aka tsinto shi. Wilfredo ya ware sandunan da ba su karye ba, sauran katakon da ya farfashe ya tara shi wuri ɗaya ya sa masa wuta, yau kwana biyu tana ci. Na san abin da kake cewa, wai mijina shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin motocin bas, bai san gaban sa da bayansa ba. Amma da ka ga aikin da ya yi a kwanakin nan, da ka sassauta masa. Shi ne ma ya ce kada tokar ta tafi a banza, idan ta huce za mu watsa ta a gonar fadama kafin huɗa, yadda kake yi duk shekara.

Irin tabar da muka rena ruwa ya tafi da shi, amma ƙungiyar manoma ta ce za a kawo mana wani daga gabas. Dole ƙasa ta zama a shirye kafin tsakiyar Nuwamba, in ba haka ba su ba wani. Ka kwantar da hankalinka, ka bar likitoci su gama da idon na biyu. Gonarka tana hannu.

'Yarka,
Migdalia


Santiago, 13 ga Oktoba

Migdalia,

Allah ya yi miki albarka. Lafiyata lau, idon dama ya fara ganin haske, na hagu sai ƙarshen wata za a taɓa shi. Na gode Allah da kuka tsira. Takardarki ta kwana tara a hanya, kuma tun da Hortensia ta kai wajen maganar tokar nan ban iya gama kofina ba.

Kada ku watsa tokar nan. Hortensia, ja layi a ƙarƙashin wannan. Kada ku taɓa ta, kada ku bar shanun su kusance ta.

Tokar da kika ga ina watsawa ta karan taba ce da kaba da ta murhun uwarki, babu ƙarfe a cikinta. Wannan ɗakin kuwa ni na sake gina shi shekarar da aka yaye ki. A zamanin kakanki da kaba ake rufe shi a ɗaure da igiya, ni ne na ga dama na mai da shi na katako da kwano, kuma kowane katako da ƙusa na kafa shi. Wuta tana cinye itace ta bar ƙusa. Ƙusar da ta sha wuta baƙa ce, kalarta ɗaya da gawayi, ko kin zura ido ba za ki gan ta ba. Idan ta shiga ƙasa garma ce za ta tayar da ita tsaye, san da ke tafe ya ɗora mata duk nauyinsa. Ga shi an yi ruwa, kofato ya sha laka ya yi laushi.

Ga abin da za ku yi. Ku kewaye tokar da sanduna. Mijinki ya buɗe tsohon rediyon nan na Rasha da ke saman kabad, ya cire mayen ƙarfen da ke bayan lasifika. In yana da wasu a tarkacen motocinsa ya haɗa, wannan dai aikinsa ne, ya fi ni sani. Ya ɗaure su a jikin katako ya ja a hanyar rijiya da hanyar gona da duk inda kwano ya faɗi. Tokar in kuna son ta, ku rairaye ta da rariyar yashi, shebur bayan shebur. Wayar shinge da ta tsinke ku naɗe ta, kada ku bar guntu a ciyawa.

Kuma kowace yamma ki duba ƙafafunsu, takwas ɗin duka. Ki wanke da ruwa, ki kankare lakar da tsinke, ki sa yatsa a tsagar kofaton, sannan ki danna tafin da babban yatsa wuri-wuri. In ya janye ƙafar, akwai abu. Azabache zai ba ki ƙafa da kin taɓa gwiwarsa. Marinero kuwa munafuki ne, ko ƙaya ce a jikinsa sai ya daure ya ci gaba da ja, don haka shi za ki fi sa wa ido.

Shekara tara ina tafe bayan shanun nan, ko ƙayar ɗunɗu ban bari ta kwana a ƙafarsu ba. Ina jin tsoro, Migdalia. Allah ya sa takardar nan ta riga shebur.

Mahaifinki,
Eulogio

Migdalia, ni ce Gwaggonki. Na ja layin har biro ya huda takarda. Ya tura ni gidan waya in buga muku tangaraho, suka ce layin yamma bai dawo ba. Tun jiya yake zagaya tsakar gida yana cin karo da tukwanen furannina.


San Luis, 15 ga Oktoba

Baba,

A sa mini albarka. Har yau ban ga amsarka ba, amma na san laifin hanya ne. Ina gaida Gwaggo. Mu lafiya muke, an mayar da kwanon ɗakin kwana, ruwan famfo ya dawo, wuta ce dai har yanzu shiru.

Albishirinka, an yi huɗar fari a gonar fadama. Amalanke goma sha huɗu na toka muka kai, Wilfredo yana zubawa ni ina bazawa da manjagara, gonar ta yi baƙi ƙirin tun daga bakin rafi har shinge. Nicasio ya leƙo ta saman dokinsa ya ce bana tabarmu sai ta fi mutum tsawo. Wilfredo ne ya riƙe garma. Kunyoyin farko sun karkace, na yi masa dariya har na zauna a ƙasa, amma kafin azahar hannunsa ya faɗa. Ya ce in gaya maka shanun ne suka koya masa, shi dai bin su kawai yake yi.

Wani ɗan abu ne zan faɗa maka don kada ka ce na ɓoye. Tun shekaranjiya Marinero yana taka ƙafar baya ta dama a hankali, musamman da safe. In ya ɗan yi tafiya sai abin ya sake shi. Na ɗaga ƙafar na duba, ban ga jini ba, ban ga kumburi ba, laka ce kawai. Wilfredo ya ce ai ko mutum ne ya yini cikin laka sai gwiwa ta riƙe, ya shafa masa baƙin mai a idon sawun. Cin abincinsa bai ragu ba. Saura huɗa ta biyu da jan haro don baje ƙasa, kwana huɗu ko biyar, daga nan sai mu bar su su huta.

Na dafa baƙin wake jiya, na zuba kwano uku kafin in tuna ba ka nan.

'Yarka,
Migdalia


Santiago, 23 ga Oktoba

Migdalia,

Allah ya yi miki albarka. Ni lafiya. Yanzun nan Hortensia ta gama karanta mini takardarki ta sha biyar ga wata, na gane tawa ta saɓa da ita a hanya.

Ki cire wa Marinero karkiya yau. Kada ya ƙara taku ɗaya a gonar nan, shi da ɗan'uwansa. Ba gwiwa ba ce, ƙusa ce, ta shige ciki laka ta rufe bakin ramin. Shi ya sa ba ki ga jini ba. Da ma jinin kika gani, da hankalina bai tashi haka ba.

Ki nemo likitar dabbobi, Zoraida, ko a ina take. Ku kayar da shi a kan busasshiyar ciyawa, a fere tafin kofaton har a ga baƙin ɗigo, a bi shi. A buɗe ramin sosai iska ta shiga. Ki gaya wa mijinki baƙin mai na injin mota ne.

Na zauna ina ƙirga kwanakin da yatsu. Kin ce shekaranjiya, wato sha uku ga wata. Yau kwana goma ke nan tana jikinsa, kafin wannan ta iso ki kuma wasu takwas ko tara. Ina nan zaune a kujera an ɗaure mini ido, ba abin da zan iya yi sai magana, maganar ma sai ta tsufa take isowa.

Eulogio


San Luis, 24 ga Oktoba

Baba,

A sa mini albarka, in har za ka iya. Ina fatan jikinka lafiya. Takardarka ta sha uku ga wata ta iso ranar Talata da rana. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, da na kai wajen layin da Gwaggo ta ja sai na saki takardar a ƙasa. A lokacin Wilfredo yana gona da shanun, suna tsakiyar haro. Ban san sanda na kai bakin rafi ba, ko takalmi ban tsaya sawa ba, sai da na iso shinge na tuna abin da ke cikin ƙasar na tsaya cak. Daga nan na yi ta kiransa.

Ɗingishin ya riga ya ƙaru tun kwana uku kafin nan, ban rubuto ba ne don ina cewa zai wuce. Nicasio ya zo da igiyoyi muka kayar da Marinero a gindin lemo. Likita Zoraida ta iso a kan keke wajen la'asar. Ta wanke ƙafar, ta yi ta fere tafin da wuƙarta kaɗan-kaɗan, har baƙin ɗigon ya fito, bai fi ƙwayar gero ba. Tana taɓa shi mugunya ta feso mata a riga. Da filayar Wilfredo aka zaro ta. Inci huɗu ce, Baba, ta lanƙwashe, kan ya karye. Marinero bai yi kuka ba, numfashi kawai yake yi yana kallona.

Ta buɗe ramin ta wanke, ta yi masa allurar fenisilin, ta bar mana na kwana biyar. Wilfredo ya yanka tsohon tib na mota ya ɗaure masa a ƙafar don kada ƙasa ta shiga. Na tambaye ta ko shi ke nan. Tana wanke hannu ta ce ƙafar ba ta damunta, ƙafa za ta warke. Abin da take tsoro shi ne sarƙe-haƙora, don ramin ya daɗe a rufe, kuma allurar kariyarsa babu ita a duk yankin nan tun bayan guguwa. Ta ce mu sa ido mako uku.

Na duba ƙafafun Azabache yadda ka ce, huɗun duka, sau biyu. Na sami guntuwar waya a tsagar ta gaba, ba ta shiga nama ba. Yanzu suna ɗaure a bayan gida inda na share da hannuna.

Wilfredo ya je wajen Nicasio ya roƙi aron shanunsa don a ƙarasa haro. Nicasio ya ce masa, “Ɗan birni, ka ɗauki dokina, ka ɗauki gadona in kana so. Amma ko bindiga aka ɗora mini ba zan sa shanuna a gonar nan ba. Ƙarfe kuka shuka.” Ya kuwa manta shi ne ya yaba tokar daga saman doki.

Tun ranar Wilfredo ba ya cin abincin kirki. Ya fasa rediyonka, ya bi gida-gida ya aro mayen ƙarfe guda shida, ya jera su a jikin katako ya ɗaura igiya a ƙugunsa. Shi ne yanzu yake jan gonar tun fitowar rana. Ina daga kicin ina jin ƙarar ƙusoshin suna mannewa, ƙas, ƙas, ba ta yankewa. Bokiti ɗaya ya cika ya ɗauko na biyu. Jiya na kai masa ruwa, ya ce, “Me zan ce wa tsohon nan in ya dawo?” Alhali kuwa ni ce na riƙe manjagarar.

Baba, ka gaya mini gaskiya. Ƙusa nawa ce a ɗakin nan?

'Yarka,
Migdalia


Santiago, 2 ga Nuwamba

Migdalia,

Allah ya yi miki albarka, me zai hana. An yi aikin idon hagu ranar Laraba, sun ce ya yi kyau. Na ce a sa ni a jirgin ƙasa, likita ya ce in na yi tafiyar kwana biyu ana girgiza ni to in manta da idon. Hortensia ta ɓoye mini takalma.

Kin tambayi ƙusa. Laba arba'in da biyu ce. Ban manta ba, don a kaina na ɗauko ta daga tasha cikin buhu biyu. Ki ɗora abin da kuka tara a sikelin taba ki gani. Wasu sun tafi da kwanon, wasu suna jikin sandunan da kuka ware, amma kada ki yi wa kanki ƙarya da wannan. Wadda garma ta binne ƙasa sosai mayen ƙarfe ba zai jawo ta ba, sai an sake juya ƙasar.

Zoraida ta yi aikinta daidai. Yanzu ki saurare ni. Ki riƙa tsayawa a gefensa kina kallon muƙamuƙinsa. Muddin yana tuƙa, da sauran magana. Ki duba wutsiya, in ta ɗan ɗaga ta sandare ba ta kaɗa ƙuda. Ki duba kunnuwa, in sun miƙe ba sa juyawa. Ki tafa hannu sau ɗaya kusa da shi, in farar fata ta zamo ta rufe masa rabin ido, to cutar ta zo. In kin ga haka ki sa shi a ɗaki mai duhu, kada a yi hayaniya, kada kare ya yi haushi kusa, ki jiƙa masa dusa ta yi ruwa-ruwa.

Sau ɗaya na taɓa ganin wannan ciwo, ina saurayi, a jikin san maƙwabcinmu. Shekara hamsin ke nan ban so a yi mini maganarsa ba. Kowace safiya da na farka sai in ce Hortensia ta duba ko mai kawo wasiƙa ya wuce, in ta ce bai kawo komai ba sai in ji daɗi, can kuma gabana ya faɗi. Ki rubuto ko me ke nan.

Mahaifinki,
Eulogio


San Luis, 9 ga Nuwamba

Gwaggo,

Wannan takardar taki ce ke kaɗai. Ki karanta a zuci. Akwai wata ƙarama a cikin ambulan ɗin, ita za ki karanta wa Baba. Ina gaishe ki, ina gode miki da ɗawainiyar da kike yi da shi.

Marinero ya mutu ranar Alhamis.

Ciwon ya fara ne ranar biyu ga wata, ranar da Baba yake zaune yana faɗa miki alamomin. Kafin takardarsa ta iso na riga na gan su duka da idona, ba wanda ya saɓa. Da safe na ga ciyawa a bakinsa bai tauna ba, bai kuma zubar ba. Washegari wutsiya ta sandare. Muka sa shi a ɗakin ajiya muka toshe taga da buhuna, Wilfredo ya kai karenmu gidan Nicasio, muka koma magana da raɗa a gidanmu. Ina ɗura masa ruwan dusa da kwalba ta gefen baki, rabi na shiga rabi na bin hannuna. Ƙafar kuwa ta warke sarai, Gwaggo, ramin har ya fara cikowa.

Ranar Laraba cokali ya suɓuce mini a kicin. Cokali kawai. Na ji Marinero ya faɗi a can cikin ɗakin, duk jikinsa ya miƙe ya ƙage, cikinsa ya kumbura. Bai sake tashi ba. Likita Zoraida ta zo da safe ta dube shi, ta ce barinsa haka zalunci ne. Ita ta yi abin da ya kamata, ta rubuta takardar shaida. Mutum shida suka haƙa ramin a bayan tudu.

Na auna ƙusoshin. Laba talatin da uku. Wilfredo ya bi gonar sau huɗu, igiya ta yanke masa ƙugu, jiya yini guda ƙusa biyar kawai ya samu, amma ya ƙi dainawa. Irin tabar an ba wani. Wannan bai dame ni ba kamar yadda na zata.

Azabache ne nake tsoro yanzu. Yau kwana biyu bai ci ba, yana tsaye ya kafe ƙofar ɗakin ajiya da ido. Ni kuma ban san abin da ake yi ba, wanda ya sani ba na iya tambayarsa.

Likitan Baba ya ce kada hawan jininsa ya tashi kafin a cire zare. Don Allah ki riƙe wannan har ranar. Kin san shi, in ya ji sai ya fito titi ba takalmi.

Migdalia

Baba, a sa mini albarka. Mu lafiya. Ƙafar Marinero ta warke, ramin ya ciko. Muna nan muna tsince ƙusoshin, an kusa gamawa. Ka bi maganar likita, kada ka yi gaggawar dawowa. 'Yarka, Migdalia.


Santiago, 17 ga Nuwamba

Migdalia,

Ni ce Gwaggonki. Lafiyarmu lau, an cire zaren yau, idon yana gani. Na yi yadda kika ce, Allah ya sani na yi. Na karanta masa ƙaramar da murya mai daɗi, ya ce madalla, ya nemi kofi. Kwana uku bai sake tayar da maganar ba. Yau da muka dawo daga asibiti ya zauna ya ce, “Ɗauko biro, Hortensia. Ki ɗauko da ɗaya takardar da ke aljihun rigarki.” Na ce wace takarda. Ya ce ido aka ɗaure masa ba kunne ba, ya ji takarda biyu sun fito daga ambulan an karanta masa ɗaya. Da kansa ya karanta ta, a hankali, yana bin layi da yatsa. Ita ce abu na farko da ya karanta da sabon idon. Da ya gama ya ce in ɗauki biron in rubuta. Ga maganarsa.

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Tun ranar na sani. Na yi shiru ne don in bar Hortensia ta cika miki alkawari.

Kin yi masa duk abin da ni zan yi masa. Cokalin nan ki cire shi daga ranki, ko bai faɗi ba ranar za ta zo. Ki gaya wa Wilfredo ya kwance igiyar nan daga ƙugunsa ya ci abinci. Shi toka ya watsa, ƙusoshin ni na buga su, kuma shekara talatin ina watsa toka a gabanku ban taɓa buɗe baki na ce ga wadda ake watsawa ga wadda ba a watsawa ba. Ki faɗa masa haka yadda na faɗa, kada ki gyara.

Gonar fadama ku kewaye ta da waya ku rufe. Laba tara ba wasa ba ce. Ba kofaton da zai sake shiga wurin sai ni da shi mun juya ta da fartanya, kunya bayan kunya, ko za ta ɗauke mu shekara biyu.

Yanzu maganar Azabache. Ki ɗauke shi daga inda yake ganin ƙofar nan. Ki sauke karkiyar daga jikin bango ki kai ta inda ba zai ji warinta ba. Kada ki yarda Nicasio ya kawo wani sa a haɗa su don a gwada, zai yi faɗa ya ji ciwo. Tun yana ɗan shekara biyu bai taɓa cin abinci ba sai da Marinero a hagunsa, bai taɓa zuwa rijiya ba sai da shi a hagunsa. In kin zuba masa ciyawa kin tafi, haka za ki dawo ki same ta.

Ki zuba ciyawar, ki zagayo ta hagunsa, ki jingina kafaɗarki da tasa ki tsaya. Kada ki yi masa magana. Da farko zai yi kamar bai san kina wurin ba, ki daure, zai sunkuya. Haka za ki yi safe da yamma, haka za ki raka shi rijiya. Jirgina ranar Juma'a ne, in Allah ya yarda Lahadi ina gida. Ki riƙe mini wurin har in zo in karɓe ki.

Mahaifinki,
Eulogio